Ni Na Matse Tiyon Innarku

Bello, Ma'u, da ku sauran ƙannensu, wanga babi shi ne na daɗe ina kewayawa. Na rubuta muku yadda na taso a Kagara, da yadda na koyi gyaran injin ban-ruwa har anka sa mani suna Manu Mai-inji, duk wannan da daɗin faɗi. Wanga kam babu daɗi cikinsa. Shekara tara ke nan kuna cewa Saratu, matar Bello ta fari, ita ta yi sakaci da tiyon abincin da anka sa wa Innarku a ciki har ya zama sanadinta. Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan, amma in sanadi ake nema, to hannuna ne. Ku karanta har ƙarshe. Ke kuma Ma'u ki riƙe bakinki sai kin gama, na san halinki, nawa kika ɗauko.

Sai kun san irin mutumin da nake a lokacin kafin ku gane yadda abin ya faru. Shekara talatin da wani abu ina cikin fadama, daga bakin madatsar Goronyo har gonakin albasa na wajen Giyawa, duk wanda injinsa ya ƙi jan ruwa ni yake aiko wa. Daga nesa in na ji kukan inji na san ciwonsa. Abin da sana'ar nan ta dasa mani a kai guda ne: duk inda ka ga ruwa yana tsiyaya, to wurin ya yi sako-sako, ka matse shi. In matsewa ba ta isa ba ka yanko robar cikin taya ka naɗe, ka ja har sai yatsunka sun yi fari. Da wanga ilimi na ciyar da ku, na aurar da ku, na kai Innarku Makka. Mutum in abu ya yi masa rana shekara talatin, wa zai gaya masa akwai inda ba ya aiki? Ga ni kuma da taurin kai, Innarku takan ce gara ta yi gardama da jakin Giyawa da ta yi da ni, don shi jaki in ya gaji yana tafiya.

A shekarar da nake faɗi, farkon rani, an dasa albasa ke nan, Innarku Kulu ta faɗi a tsakar gida tana tsince wake. Hawan jini ne da ta daɗe tana ɓoye mana. Munka kai ta Goronyo, sunka ce mu wuce babban asibiti a Sakkwato. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai ido da hannun hagu. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne haɗiya. Ko cokalin ruwa anka ba ta sai ta ƙware, ta yi ta tari har idonta ya yi ja. Sunka zura mata roba ta hanci, ta fizge da hannun hagun nan har sau uku, don Kulu ko a kwance ba a yi mata abin da ba ta so. Daga nan likita ya kira ni ya ce mafita ita ce a huda cikinta a sa ɗan tiyo ya shiga har tumbi, a riƙa ba ta abinci ta nan. Na ji abin wani iri, amma na ga tana zubewa a gabana, na sa hannu a takarda.

Ke Ma'u kina Rabah da tsohon ciki, ba ki iya zaman jinya. Kai Bello lokacin kana bin motar albasa zuwa kudu, sati biyu uku ba a gan ka ba. Saratu ce ta bar ɗiyarta Hauwa, takwarar Innarku, mai shekara shida, wurin maƙwabta, ta zo ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon asibiti kwana ashirin da huɗu. Ranar da za a sallame mu wata nas, babbar mace mai faɗa-faɗa, ta zaunar da ita tana koya mata. Ni ina tsaye bakin ƙofa, kunne guda wurinsu, guda wurin wayar wani mai gona da injinsa ya tsaya. Nas ɗin ta nuna mata wani ɗan faifan roba da ke jikin tiyon, wanda ke zaune kan fatar ciki.

"Kin ga wanga faifai? Akwai ɗan'uwanshi ciki, shi ka hana tiyo hita. Kada a matse na waje ga fata. A bar mashi sarari kamar kaurin ƙaramin yatsanki. In wurin ya warke, kullum ki wanke hannu, ki ɗan tura tiyon ciki, ki juya shi ya kewaya, ki jawo shi a hankali. In anka matse, na cikin zai nutse cikin nama, kuma wannan ba ƙaramin abu ba na."

Ta ce a tace kunu sosai, a zuba dafaffen ruwan da ya huce kafin abinci da bayan abinci, a jingine ta zaune lokacin ba ta, a bar ta haka kamar awa guda. Ta ce in abinci ya ƙi shiga kada a tura da ƙarfi, in an ga ja ko mugunya ko zazzaɓi a taho a ranar. Har zane ta yi mata a bayan wata takarda, ga faifai, ga fata, ga yatsa tsakani. Saratu ta maimaita mata duka ba ta zubar da ko ɗaya ba. Ni kuwa da na leƙa na ga tiyon, sai na yi dariya a raina. Ɗan mesa ne da faifan matsewa biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, irin abin da nake haɗawa sau goma a rana. Na ce a zuciyata, duk wanga dogon bayani a kan wannan?

Watan farko a gida, wallahi sai hamdala. Saratu takan tashi ta dama kunun gyaɗa ko na waken suya, ta tace da rariya, ta sake tacewa da farin ƙyalle, ta jingina Innarku da matasan kai biyu da wani buhun ƙaiƙayi da ta ɗinke, ta zuba da babban sirinji a hankali tana yi mata hira kamar za ta amsa. Mata masu zuwa dubiya suna kawo fura da nono, wasu da jiƙe-jiƙe, su ce a ɗura mata ta samu ƙarfi. Saratu ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ba ta sa ko ɗigo a tiyon. Sunka fara kiranta Likita a bayan ido, ita dai ba ta kula ba. Kumatun Innarku sunka dawo. Ranar da ta ɗaga hannun hagu ta ja kunnen Hauwa don ta zubar da ruwa, gidan nan duka munka yi dariya, har ni da ba a cika ganin haƙorana ba.

Da zafi ya fara shigowa, wata rana bayan azahar na shiga ɗakin na ga ƙyallen da ke gindin tiyon ya ɗan jiƙe. Ɗan danshi ne, bai kai a ce komai ba, kuma daga baya na ji cewa hakan yana faruwa, abin yi a goge a bushe wurin, in ya yi yawa a nuna wa masu abin. Amma idona idon mai inji ne. Na taɓa faifan na ji yana motsi, ga sarari tsakaninsa da fata. Na ce, af, ga ɓarakar nan, yarinya ta bar abu sako-sako. Na riƙe tiyon da hannu ɗaya, na danna faifan da ɗaya har ya kwanta ya lotsa fatar. Kulu ta yamutsa fuska, ta yi wani ƙaramin gurnani. Na ce mata ta yi haƙuri, gyara ne. Washegari ƙyalle ya kwana a bushe, na fita fadama ina jin kaina, har na ba wani abokina labari cewa da ba don ni ba da matan nan sun bar tsohuwa tana yoyo.

Da na dawo na tarar an mayar da faifan inda yake. Na sake dannawa. Kashegari an sake sassautawa. Haka munka yi ta yi kusan mako guda, ni da surukata, babu wanda ya ce da wani uffan. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Matar ɗan fari ba ta haɗa ido da uban miji, ba ta kiran sunansa, in ya shigo ta ƙofa ita ta fice ta bayan ɗaki. Tun da anka kawo Saratu gidan nan daga Magarya ban taɓa jin ta haɗa kalma biyar a gabana ba bayan gaisuwa, kuma ina alfahari da hakan, ina cewa Bello ya auro 'yar mutunci. To wannan kunyar da nake yabo ita ce ta ɗaure mata baki lokacin da ya kamata ta yi mani tsawa. A rana ta bakwai ta yi ƙarfin hali. Ina zaune gefen Innarku, sai na ji muryarta daga bayan ƙofa, ta durƙusa, can ƙasa-ƙasa.

"Baba, a yi mani aikin gahwara. Nas tac ce a bar mashi sarari."

"Nas ta taɓa ɗaura mesa?" na ce. "Shekara nawa ina wanga aiki? Tun ba a haihe ki ba. Abu na yoyo ki ce a bar mashi sarari, mi kika sani?"

Ta tashi ta koma madafa. Ni kuma raina ya ɓaci da ta tanka mani, na tafi rumfar aikina, na yanko siririyar roba daga tsohuwar tayar babur, na wanke ta da sabulu, don ku ga har tsafta na yi wa wautata. Na danna faifan, na naɗe robar a jikin tiyon daidai samansa yadda ba zai ƙara ja baya ba, na ƙulle. Na ɗaga murya yadda za ta ji daga madafa, na ce duk wanda ya kwance wannan, ni ya kwance wa zane a kasuwa.

Ta yi abin da take iyawa, yanzu na sani. Ta kira ka a waya, Bello, kana kan hanya, ka ce mata Baba ya fi ta sanin tiyo, kada ta jawo maka magana. Kada ka musa, kai ka faɗa mani da bakinka a lokacin kana dariya. Da wannan bai yi ba, sai ta ɗauko takardar nan mai zanen nas ta ajiye a kan faifan da ta rufe tuwona da shi. Na ɗaga, na gane abin da take nufi sarai, na ninke na tura ƙarƙashin tabarma na ci tuwona. Akwai kuma wani abu da na lura da shi a kwanakin nan. Duk lokacin da na yi gyaran murya a bakin ƙofa zan shiga, sai in tarar Innarku ta kai hannun hagu ta jawo zane ta rufe cikinta, ta danne da tafin hannu. Ni sai in yi mata tsiya.

"Kai, Kulu! Shekara arba'in da ɗiya bakwai, yau kuma ni kika jin kunya? Ɗaga in duba aikina."

Sai in janye hannun, in duba ƙullin robata, in ga yana nan daram, in fita.

Wajen mako shida anka yi haka. Albasa ta kusa cirewa, ana ban-ruwan ƙarshe, injuna suna ta mutuwa saboda aiki, ban cika zama gida ba. Wata safiya Saratu ta sake durƙusawa bayan ƙofa ta ce mani tiyon ya daina juyawa, ko ta tura ba ya shiga. Na ce to ai haka ake so, ya zauna ke nan. Bayan kwana kaɗan kunu ya fara ƙin wucewa. In ta zuba sai ya tsaya a sirinji, wani ya ɓullo ta gefen ramin, wurin ya yi ja ya kumbura, Innarku tana haɗa gumi. Saratu ta ajiye sirinjin ta ce ba ta ƙara zubawa. Na ce ta ba ni nan. Bututu in ya toshe ai matsa masa ruwa ake yi ya buɗe. Na cika sirinji na danna da ƙarfina na mai ɗaga inji. Ƙarar da Kulu ta yi a ranar, mace da ta yi wata uku ba ta da murya, har yau in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna. Da yamma zazzaɓi ya rufe ta. Saratu ta ce a tafi asibiti. Na ce a ba ta maganin zazzaɓi, a bari jibi, akwai injuna uku da ke jirana, in ba su tashi ba albasar mutane ta ƙone.

Kwana biyu na ƙara mata a kan ciwonta saboda albasar mutane. A rana ta uku na dawo da hantsi ɗaukar wani ƙarfe, na tarar da mota a ƙofar gida. Saratu ce ta fita da kanta har bakin hanya ta tsayar da ita. Ta tsaya a gabana a tsakar gida, tsaye, ba durƙuso, ta dube ni cikin ido, karo na farko tun da na san ta.

"Baba, Inna za ta Sakkwato yanzu. Ko da kai ko ba kai."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai warin da ke fitowa daga ɗakin ya dake ni. Na shiga na ɗaga zanen. Mugunya ce ke fita, fatar ta yi baƙi-baƙi kewaye da faifan. A nan jikina ya ba ni cewa na yi ɓarna. To ku ji abin da ubanku ya yi da ya gane. Kafin a shigo ɗaukarta, na zaro 'yar wuƙata na yanke robar nan, na jefa a aljihu. Da na ɗago, Saratu tana bakin ƙofa da buhun kaya a hannu, ta gani. Ta sauke ido ta wuce. Tun daga Kagara, ta Wurno, har munka shiga Sakkwato, kan Innarku yana kan cinyarta, ni ina gaba kusa da direba, robar tana aljihuna.

Ke Ma'u kin riga mu isa, da jaririnki a baya, don an kira ki. Kina nan tsaye lokacin da likita ya fito daga duba ta, tare da nas ɗin nan mai faɗa. Ya ce faifan ciki ya nutse cikin bangon tumbi, nama ya rufe shi, abincin da anka tura ya bi ta inda bai kamata ba, ciki ya ruɓa. Ya ce wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, an daɗe da matse shi. Ya tambaya wa ke kula da ita. Duk kunka juya kunka dubi Saratu. Nas ɗin ta riƙe haɓa.

"Saratu! Ke da nis san kin fi kowa ganewa? Ban ce maki a bar sarari ba? Ban zana maki ba?"

"Kin ce," in ji Saratu.

"To mi ya hwaru?"

Ina tsaye taku biyu daga Saratu, hannuna cikin aljihu yana taɓa robar. Kalma biyu ce, ni ne. Na ji ta ta taso har maƙogwaro. Sai na dubi likita, yaro sa'an Bello, na dube ki Ma'u, na tuna sunana a fadama, na haɗiye. Na ce a raina bari hankali ya kwanta tukuna in faɗa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, sun yi mata aiki, amma jikin ya riga ya yi rauni. Kwana tara ta yi, ranar Alhamis da la'asar Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Sauran kun san shi, don ku kunka yi shi, ni na ba ku wuri. A zaman makoki, Ma'u, kika ce a gaban mata an bar uwarki hannun wadda ta ɗauki kanta likita ta kashe ta. Matan da anka ƙi furarsu sunka samu abin faɗi. Ina zaure ina karɓar gaisuwa, maganar tana iso ni, ina cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce. Mutane har yabona suke yi, wai dattijo ya yafe wa surukarsa. Kai Bello ka daina cin abincinta, ka daina shiga ɗakinta, kafin shekara ta zagayo ka ba ta takarda. Ranar da za ta tafi ta zo bayan ƙofar zaure ta durƙusa ta ce, Baba, za ni gida, a yafe mani. Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Abin da na ce ke nan. Ta bar Hauwa a nan don kun ce ba ta tafiya da ita. Duk shekara ina cewa bana zan faɗa, kuma duk shekarar da ta wuce sai faɗin ya ƙara nauyi. Da-na-sani ƙeya ce, haka ne, amma ni tawa a gabana take, ina kallonta ina kauda kai.

Abin da ya karya ni bara ne, da ƙaramar salla. Saratu ta aiko daga Magarya, inda ta sake aure, da atamfa da takalmi, tana roƙon a bar Hauwa ta je mata kwana biyu. Hauwa ta zama budurwa, shekara sha huɗu. Ina alwala a tsakar gida na ji ta tana ce wa ƙawarta ba ta zuwa, ba ta sa kayan, mi za ta yi wurin matar da ta kashe mata kaka. Ba da fushi ta faɗa ba, haka kawai, kamar abin da kowa ya sani. Butar ta kuɓuce mani. Yarinyar nan a gidana ta koyi wannan, a bakin tuwona, kuma ni kaɗai ne a duniya, bayan uwarta, na san ƙarya ne.

Bayan salla da kwana uku na sa anka kai ni Magarya a babur, ban gaya wa kowa ba. Mijinta mutumin kirki ne, manomin gero, ya shimfiɗa mani tabarma a zaure ya shiga ya kira ta, ya ba mu wuri. Ta zo ta durƙusa bayan ƙofa kamar dā, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakani. Ta gaishe ni, ta tambayi Hauwa, ta tambayi ƙafata. Na fiddo robar, don ban taɓa yar da ita ba, tana cikin gwangwanin da nake ajiye ƙananan kusoshi. Na ajiye a kan tabarma inda za ta hango. Na ce na zo neman gafara, na zalunce ta, na bari ta ɗauki kayana shekara takwas. Tsoho da ni, hawaye sunka zubo, ban iya tsayar da su ba.

"Baba, na yahe tun tuni. Ni ma ina da nawa. Da na kwance ta ran da kaɗ ɗaura, ko da za a kore ni, da wataƙila Inna ta ƙara kwana. Kunya tas sa ni, kuma kullum ina tuna wannan."

Na ce ba ta da laifin komai. Na tambaye ta don mi ba ta tona ni ba a asibiti, ga shi ta ga lokacin da na yanke.

"Ina tona uban mijina gaban ɗiyanshi? Na zaci kai za ka hwaɗi."

Wannan ta shige ni, amma ba ita ce ta fi ba. Don in rage nauyin zaman, sai na kama zancen Innarku, na ce Allah Sarki Kulu, har ta bar duniya tana jin kunyata, in na yi gyaran murya sai ta ja zane ta rufe ciki. Sai na ji Saratu ta ja numfashi.

"Baba, ba kunya ba ta. In ni ce nis shigo, da kanta taka ɗaga zanen, ta kama hannuna ta ɗora kan robar, tana dubana. In taj ji tahiyarka sai ta ruhe. Ɓoye maka shi takai."

Ban san yadda na dawo Kagara ba. Mako shida matata tana kare cikinta daga gare ni da hannu ɗayan da ya rage mata, ni kuma ina janye hannun ina yi mata wasa.

To ga shi na rubuta, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni. In Allah Ya jarrabi waninku da jinyar mai irin wanga tiyo, ku bi abin da masu abin sunka ce, ku bar sararinsa yadda anka nuna, kada ku tura abin da ya ƙi shiga, kada ku kwana da zazzaɓi a gida, kuma wanda anka koya wa, ko ƙaramin gida ne, shi ne babba a wannan ɗaki. Bello, aurenka ya riga ya mutu, ba na ce ka tayar da shi ba, amma kana da bashin ban-haƙuri, ka je da ƙafarka. Ma'u, a gaban mata kika faɗa, a gaban mata za ki janye, kuma in kina neman wanda za ki zaga, ga ni, ina zaure kullum. Hauwa kuwa, kada kowa ya karanta mata wanga babi. Ku kira ta ku ba ta a hannunta ta karanta da kanta. Robar tana nan na liƙa ta a bangon littafin daga ciki, ta taɓa ta. In ta gama, atamfar da uwarta ta aiko tana cikin akwatina, ban bari an bayar ba. A kai wa tela, a sa ta a mota zuwa Magarya.